Daga Bosomtwe Zuwa Mole: Amsoshin Tambayoyin da 'Yan Zango Ke Yi Mini Kan Yawon Ganin Daji

Kowace shekara mukan yi hayar mota, mu kwashi samarin unguwarmu da wasu ɗaliban makarantar dare, mu fita daga Kumasi mu je kallon ikon Allah. Abin ya samo asali ne daga gardamar teburin mai shayi a unguwar Aboabo. Wani yaro ya nuna mana bidiyon ruwan Niyagara a wayarsa, yana ta rantsuwa cewa duk kayan kallo na duniya a ƙasar Turawa aka ajiye su, mu nan sai kwata da cunkoson kasuwar Kejetia. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Bosomtwe. Ya ce, "Malam, a wace ƙasa take?" Yaron nan a Kumasi aka haife shi, kakansa ma a nan aka binne shi. Tun daga lokacin muka fara fita, iyaye da yara kuma suka fara tare ni da tambayoyi a ƙofar masallaci da bakin layi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, mene ne abin kallo a Bosomtwe? Ba ruwa ba ne kawai?

Ruwa ne, amma yadda aka yi ya zauna a wurin shi ne abin ji. Tafkin yana kudu maso gabashin Kumasi, tafiyar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan. Ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga tashar Asafo zuwa Kuntanase, daga nan tasi ta gangara da kai ƙauyen Abono da ke bakin ruwa. Kafin gangaren akwai inda itatuwa ke buɗewa, sai ka hango shi can ƙasa, a zagaye, tuddai sun yi masa ƙawanya, kamar an zuba ruwa a gindin ƙwarya. A nan nake sa direba ya tsaya kowa ya sauka, don wanda ya gan shi daga sama ba ya buƙatar dogon bayani.

Masana ƙasa sun tabbatar cewa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya daki wurin, ya bar rami mai faɗin kilomita 10.5. Ruwan sama ne ya yi ta taruwa har ya zama tafki mai faɗin kimanin kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. Zafin dukan ya narkar da duwatsu ya yi watsi da su sama, har a ƙasar Kodebuwa an tsinci ɓurɓushinsu sun daskare kamar gilashi. A 2004 masana daga ƙasashe dabam-dabam sun zo da injin haƙa, suka ɗora shi a kan ruwan, suka ciro laka da dutse daga ƙarƙashi don nazari. Babu kogin da ke fita daga tafkin. Abin da sama ta ba shi, rana ce ke karɓa. Shi ne kaɗai tafkin da ba hannun mutum ya yi ba a duk faɗin Gana.

Asantawa kuma suna da nasu labarin. Sun ce wani maharbi ne ya biyo gada da ya harba, ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace, daga nan sunan ya fito, wato abin bauta na gada. A al'adarsu rayukan matattu kan biyo ta nan su yi sallama. Shi ya sa tun da can masuntan wurin ba sa shiga da kwalekwale irin wanda muka sani. Wani faffaɗan katako suke hawa, suna ce masa padua, mutum ya zauna a kai ƙafafunsa cikin ruwa, yana tuƙi da hannuwa. Na tsaya na kalli wani dattijo yana jan raga a kan katakon nan, ko karkata bai yi ba. Ɗaya daga cikin yaranmu ya roƙa a ba shi ya gwada a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Kafin ya gama bismilla yana ciki. Karfasar wurin ƙanana ne, amma in aka soya su da yaji ba ka son a ce sun ƙare.

To zuwa irin waɗannan wurare da ake yi wa tsafi bai taɓa imanin mutum?

Wani dattijon unguwarmu ne ya fara yi mini wannan tambayar, kuma ya kyauta da ya yi. Na ce masa, Baba, ba yanka za mu kai ba, ba roƙo za mu yi ba. Ruwan da tuddan halittar Allah ne tun kafin wani ya zo ya ce nasa ne. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Abin da nake hana yara shi ne biyu: sa hannu a wata hidimar tsafi, da kuma yi wa masu wurin dariya. Baƙi ne mu a garinsu. In sun ce ba a taka nan, kar a taka. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da wannan ladabin suka zauna lafiya da Asantawa har aka ba su zango.

Ina ake ganin giwa ido da ido, ba a talabijin ba?

Mole. Shi ne gandun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, yana yankin Savannah kusa da Damongo, cikin ƙasar Gwanja. An keɓe shi tun 1958, ya zama cikakken gandun ƙasa a 1971. Daga Kumasi hanyar ita ce Techiman, Kintampo, a haye Baƙin Volta a gadar Buipe, a karkata yamma a mararrabar Fufulso, sai Damongo, sai Larabanga. Tafiyar wuni ce, don haka mukan tashi da an sallame asuba. Kana tafe ƙasa tana sauya kaya a gabanka: kurmi da gonakin koko su ƙare, kaɗanya da ɗorawa da kuka su karɓa, iska ta bushe. Tsofaffin da suka taɓa zama Arewa a nan suke fara murmushi.

Masaukin gandun yana kan tudu, a ƙasansa akwai tafkuna inda dabbobi ke zuwa shan ruwa, kana zaune kana hango su. Amma daɗin Mole shi ne ana shiga da ƙafa, abin da ba kowane gandu a Afirka ke bari ba. Da sassafe ma'aikacin gandun zai shige gaba da bindigarsa, ku bi shi a layi. Ranar da muka fara shiga, mun yi kusan awa ɗaya ba mu ga komai ba sai kashin giwa da sawunta, yara har sun fara gunaguni. Can mutumin ya ɗaga hannu, muka tsaya cak. Ni dai itatuwa nake gani. Sai wani abu da na ɗauka dutse ne ya kaɗa kunne. Toron giwa ne, yana karya reshe yana turawa baki. Da ya taka zai wuce, wallahi ko ƙarar busasshen ganye ban ji ba, dabbar da ta fi motar da ta kawo mu nauyi. Yaron nan mai bidiyon Niyagara yana kusa da ni, waya a hannu, ya manta da ita. Sai da muka koma masauki ya tuna bai ɗauki hoto ba.

Ma'aikacin ya gaya wa yara cewa giwa kan ɗauki ciki wata 22, babba kuma kan ci ganye da ciyawa kusan kilo 150 a rana. Ban da giwa akwai ɓauna, gwanki, kanki, mariya, mazo, kada, da tsuntsaye sama da iri 300. Gyado kuwa har ƙofar ɗaki yake kiwo, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana cin ciyawa. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne gwaggon biri. Mun bar tagar mota a buɗe, ɗaya ya shiga ya ɗauke ledar burodin karin kumallonmu gaba ɗaya, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonmu, ko kunya babu.

Kar ku wuce Larabanga ba ku tsaya ba. Masallacin ƙasa na garin, mai fararen hasumiyoyi da itatuwa da suka leƙo daga bango, yana cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma, mutanen garin suna kai tarihinsa 1421.

Zaki fa? Raƙumin dawa fa?

Kar ka sa rai da zaki a Mole, farauta ta gama da mafi yawansu tun tuni. Raƙumin dawa kuwa babu shi a dajin Gana. Garken ƙarshe na irin na Afirka ta Yamma yana Nijar, wajen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 saura kamar 50 suka rage, aka tashi tsaye aka kare su har suka haura 600. Sai dai tun harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020 maganar tsaro ta sa zuwa ya yi wuya. A Najeriya akwai Yankari a jihar Bauci, mai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki.

Wanda ke son ganin zaki da jakin dawa da karkanda sai Gabashi ko Kudancin Afirka. A Serengeti ta Tanzaniya wata dabba mai kama da saniya mai gemu kan yi ƙaura kowace shekara, sama da miliyan ɗaya, suna bin damina zuwa Masai Mara ta Kenya, su haye kogin Mara kadoji na jiransu. Wannan kam ba mu da kamarsa, gaskiya ɗaya ce.

Wane lokaci ya fi?

Ga Mole, rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin ruwa. Ga magangarun ruwa, ƙarshen damina. Da rani wasu kan zama kamar famfon da aka manta ba a rufe ba. In hazon hunturu ya yi kauri kuma, ba za ka hango tsallaken Bosomtwe ba.

Gaskiya dai, magangarun ruwanmu za su iya tsayawa kusa da na waje?

A faɗi da yawan ruwa, a'a. Na kogin Zambezi da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wanda Turawa suka sa wa sunan Sarauniya Biktoriya bayan Livingstone ya gan shi a 1855, faɗinsa mita 1,708 ne, tsayinsa mita 108. Mutanen wurin tun da can suna ce masa Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa, kuma sunansu ya fi dacewa. Mafi tsayi a duniya shi ne Angel a Benezuwela, mita 979. Amma ga abin da yaran teburin shayi ba su sani ba: Niyagara da suke ta zuzutawa bai kai mita 60 a tsayi ba. Yawan ruwa ne ya ɗaukaka shi. Wli namu, da ke kusa da Hohoe a yankin Volta dab da iyakar Togo, yana zubowa daga kimanin mita 80, ana kuma lissafa shi mafi tsayi a Afirka ta Yamma. Tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 45 cikin kurmi, kana ta haye ƙananan gadoji a kan rafi ɗaya, kafin ka isa iska mai feshi ta riga ta jiƙa maka riga. Ka ɗaga kai ka dubi bangon dutsen, abin da ka ɗauka busassun ganye ne jemagu ne dubbai a rataye.

Akwai kuma Boti kusa da Koforidua, ruwa biyu gefe da gefe, ana ce musu mace da namiji. Saukar matakalarsa daɗi, hawowa ne ke nuna wa mutum shekarunsa.

Malam, ni fa tun abin da ya faru a Kintampo ba na son ɗana ya je wurin ruwa.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya. A watan Maris na 2017 iska mai ƙarfi ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka a magangarar Kintampo, mutane da dama suka rasu, yawancinsu ɗalibai da suka je yawon makaranta. Allah ya ji ƙan musulmin cikinsu, ya ba iyaye haƙuri. An rufe wurin na wani lokaci, aka yi gyara, aka sake buɗewa. Mu dokarmu ita ce, da hadari ya taso kowa ya fito daga ruwa ya bar ƙarƙashin itace, ko da yanzu muka iso. Babu mai shiga inda ya wuce ƙirjinsa. Yaran zango da yawa ba su iya iyo ba, amma a gaban abokai babu mai yarda ya faɗa, shi ya sa ba na tambaya, kowa nake ɗauka bai iya ba. Kowane babba ɗaya yana riƙe da yara biyar da sunayensu, ana ƙirga kai kafin mota ta tashi.

Abin da ya taɓa ba mu wahala ba ruwa ba ne, mota ce. Wata shekara mun bi arha muka ɗauki wata tsohuwar bas, mai ita ya rantse ya ce jiya ta fito daga gareji. Bayan Buipe ta mutu, ba gari gaba ba gari baya. Muka yi la'asar da magariba a bakin titi da taimama, yara 26 da jarkar ruwa biyu. Tun ranar nakan je da makanike na kaina ya duba mota kafin in ba da ko sidi ɗaya.

Da gaske ne a Paga ana zama a kan kada?

Da gaske ne. Paga tana kan iyakar Burkina Faso, bayan Bolgatanga da Navrongo. Mutanen garin suna ɗaukar kadojin tafkunansu a matsayin dangi, ba sa kashe su. Za ka sayi kaza mai rai, mai kula da wurin ya kira kadan ya fito tudu, baƙo ya tsuguna a bayansa ya riƙe wutsiya a ɗauki hoto, sannan a jefa masa kazar. Ni dai daga nesa na kalla, kuma ban ji na yi asarar komai ba.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne Boabeng-Fiema, kusa da Nkoranza. Birai iri biyu ne ke zaune da mutanen ƙauyukan nan: ƙanana masu shiga har kicin su saci ayaba, da wasu baƙaƙe masu farin gemu da doguwar farar wutsiya, waɗanda ba su cika saukowa daga ƙololuwar itace ba. In biri ya mutu akwati ake yi masa, a binne shi a maƙabartarsu. Ka yarda da dalilinsu ko kar ka yarda, wannan al'adar ce ta sa kurmin yake tsaye alhali na kewaye duk an sare.

Gadar Kakum tana da ban tsoro kamar yadda ake faɗa?

Tana lilo, wannan kam. Gadoji 7 ne na igiya da katako, an ɗaure su a jikin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wani wurin kana sama da ƙasa da mita 30 zuwa 40. An buɗe ta a 1995, tana arewa da Cape Coast kaɗan. Raga ta kai kafaɗa ta kowane gefe, faɗuwa ba ta yiwuwa sai dai zuciya ta faɗi. Na lura masu cika baki a mota su ne ke rufe ido a gada ta biyu. Akwai giwayen kurmi a gandun, amma da wuya a gan su, kar wani ya yi maka alkawari.

Tafkin Volta shi ma halitta ne?

A'a, aikin mutum ne. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 zamanin Nkrumah ita ta tare kogin, ruwa ya malale murabba'in kilomita kusan 8,500, aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Yana cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Tsohon garin Kete-Krachi, inda Hausawa fatake suka yi babban zango, yana cikin wuraren da ruwan ya ci. In ka haye daga Yeji zuwa Makango kan hanyar Salaga, za ka ga kawunan matattun itatuwa sun leƙo daga ruwa, su ne ke fasa kwalekwale. Kar a yi wanka a gaɓarsa, akwai tsargiya.

Ba ni da kuɗin doguwar tafiya. Akwai na kusa?

Akwai. Kurmin Bobiri yana kan hanyar Akra, ta ƙauyen Kubease, an ƙirga malam-buɗe-littafi kusan iri 400 a cikinsa, ga itatuwan da mutum biyar ba sa zagaye su da hannu. Kurmin Owabi yana nan bayan garin Kumasi ga mai son tsuntsaye. Wanda ko kuɗin trotro ba shi da shi, ya tsaya kusa da gidan namun daji na Kumasi, gefen Kejetia, dab da magariba, ya kalli jemagu suna tashi daga itatuwa har sama ta yi duhu. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Akra suna da irinsu a itatuwan unguwar 37, ga kuma gandun dajin Shai Hills a kusa da su. A wuraren da ake biyan kuɗin shiga, ɗan ƙasa ya fi baƙo biyan kaɗan, ɗalibi kuma ya fi kowa, don haka a riƙe katin ɗan ƙasa da na makaranta.

Abinci da sallah fa?

Hanyar arewa ba matsala, daga Techiman zuwa Larabanga duk inda ka tsaya akwai masallaci da mai tuwo ko wake da shinkafa. Ta kudu da Volta ne mukan yi guzuri: gari, shito, soyayyen kifi, dafaffen ƙwai, buta da tabarma. A wasu wuraren cin abinci na bakin hanya naman daji ake sa wa miya, a tambaya kafin a zuba. Ga Mole a zo da takalmi rufaffe, ba a shiga daji da silifa. A guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu, tsando na bin su, cizonsa kuwa kamar allura.

In Allah ya hore maka, wane wuri za ka je a waje?

Zambezi zan fara, in ji tsawar nan da kunnena. Sai Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, ba don in hau ba, don in ga ƙanƙara a kan dutse a tsakiyar Afirka. Kwazazzabon Grand Canyon na Amurka, wanda kogin Kolorado ya sassaƙa tsawon kilomita 446, na bar wa masu biza.

Malam, me ya sa kogunan da muke hayewa suka koma kamar kunu?

Wata yarinya 'yar shekara 12 ce ta tambaye ni wannan a gadar kogin Pra, kan hanyarmu ta zuwa Kakum. Galamse ne. Masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suna kafa injuna a cikin kogi da gaɓarsa, suna wanke laka suna mayarwa, ga sinadarin makuri da suke kama zinariyar da shi, wanda ke shiga jikin kifi ya ƙare a jikin mutum. Pra, Offin, Birim, Ankobra, duk sun sha wannan. Kuma kar mu yi kamar ba ruwanmu, akwai 'ya'yan zango a cikin ramukan nan, rashin aikin yi ya kai su. Direbanmu na ranar, dattijo ne mai furfura, ya rage gudu a kan gadar ya ce lokacin da yake yaron mota a nan suke tsayawa su cika galan su sha, ana hango tsakuwa a ƙasan ruwan. Yarinyar ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, wannan ruwan dai?" Ya ce, "Shi, 'yata."